Tara Cikin Ashirin

Shekara uku na yi ina bin Mista Gordon Pembrey, shugaban sashen adabi na makarantarmu da ke unguwar Sunshine a yammacin birni, ina roƙonsa ya bar ni in sa waƙar rok, irin kiɗan Turawan nan mai ƙarar jita, guda ɗaya cikin abin da 'yan aji na goma sha ɗaya za su nazarta. Ba irin wadda ake cika filin ƙwallo don a ji ba. Irin ta yaran nan masu zaman kansu nake nufi, waɗanda ke ɗaukar sauti a garejin gidan haya, su buga kaset ɗari biyu, su sayar wa junansu.

"Glenys," in ji shi duk shekara, "waɗannan ba mawaƙa ba ne. Mutane ne da ba su iya waƙa ba, aka rasa mai gaya musu."

A shekara ta huɗu ya gaji da ganina a ƙofar ofishinsa. Ya ce ya ba ni zango ɗaya. Ranar darasin ƙarshe zai zo ya zauna a bayan aji, idan abin bai gamsar da shi ba in tattara yaran in mayar da su wurin matattun mawaƙan Ingila, kada kuma in sake ta da maganar har ya yi ritaya.

Waƙar da na zaɓa ita ce "Talata Da Yamma" ta wata ƙungiya mai suna Ruwan Ɗumi. Mai rera ta, Tasos Kallergis, ɗalibina ne shekara goma sha biyar da suka wuce, yaro mai shiru-shiru wanda bai taɓa kawo aikin gida ranar da aka ce a kawo ba. Ga abin da yake faɗa, a ƙarƙashin jita biyu masu ƙara kamar ana yankan kwano:

Duk Talata da yamma ina gabanki,
ba ki taɓa ce mini yaya aiki ba.
Na miƙa abin da na kawo, kin auna,
kin ce na ajiye abin da ban ajiye ba.
Jar fitila ta kama a kanki,
na tsaya ina jiran wani ya zo ya raba mu.
Ran Litinin suka ɗauke ki,
suka kawo wata mai faɗin fuska, mai ido.
Ita ma tana gode mini,
amma ba haka kike faɗa ba.

Mako biyar muka yi a kan waɗannan layuka goma. Na nuna wa yaran cewa macen da ake yi wa magana ba mace ba ce, waya ce, ko kuma duk duniyar nan da ke cikin waya, wadda muke sunkuya mata kullum ita kuwa ba ta san da zamanmu ba. Aunawar, na ce, ita ce yadda ake auna mutum yanzu da yawan masu binsa. Jar fitila alamar saƙo ce da ke hana mu sukuni. Wanda ake jira ya zo ya raba, kukan neman ceto ne daga wanda ya san ya kamu. Sabuwar mai faɗin fuska kuwa wayar bana ce da ta kori ta bara.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. Duk wanda ya yi rubutu a kan waƙar, a ƙananan mujallun da ake ajiyewa a shagunan kofi, abin da ya ce ke nan. Mu masu sauraron irin wannan kiɗa mun riga mun san ƙa'ida: idan saurayi mai tsohuwar rigar sanyi ya ambaci na'ura cikin waƙa, to kuka yake yi da zamani.

Da lokacin rubuta sharhi ya yi, na karɓi takarda ashirin da biyar. Ashirin da huɗu sun dawo mini da maganata yadda na faɗe ta, saura kaɗan su haɗa da tarin da nake yi a tsakiya. Ta ashirin da biyar ta Seini Vaka ce, doguwar yarinya mai zama a bakin ƙofa, wadda ke aiki a babban kanti ranakun Asabar. Ga yadda ta fara:

"Wannan waƙa a kan na'urar biya-da-kanka ce ta kanti, wadda mai saye ke biyan kuɗin kayansa a wurinta ba sai da ma'aikaci ba. Ita ce ke auna kaya, ita ce ke cewa ka sa abu a leda alhali ba ka sa ba, sannan ta kunna jar fitila. Kuma mutumin nan ba kuka yake yi da ita ba, son ta yake yi. Na san irinsu. Sai ka ga teburina ba kowa, amma su je su bi layin na'ura, don kada in ce musu yaya aiki."

Shafi biyu ta yi a haka. Na ɗauki jan biro na rubuta mata a ƙasa, cikin lallashi, cewa ta tsaya a bakin ƙofar waƙar ba ta shiga ɗakin ba. Na ba ta tara cikin ashirin.

A sashenmu duk takardar da ta gaza goma sai shugaban sashe ya sake dubawa ya sa hannu. Da zarar ya sa hannu an rufe. Mai son canza makin sai ya cike takarda, ya rubuta dalili, shugaban dai ya sake sa hannu kafin ƙarfe huɗu na Juma'ar ƙarshen zango. Mista Pembrey ya karanta ta Seini a tsaye, ya ce, "Wannan karon kin yi daidai." Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, ranar ce farkon da na ji haka daga bakinsa, har na ji daɗi.

Washegari bayan an tashi Seini ta shigo ajina da takardar a hannu.

"Malama, tara?"

"Zauna, Seini."

"Ba sai na zauna ba. Tara ai ba ta kai a zauna mata ba."

"Rubutunki yana da rai, ban ce babu ba. Amma waƙa ba rahoton aiki ba ce."

"To me ya sa ya ce ta auna? Ke wayarki tana auna ayaba?"

"Aunawar a nan ba ta sikeli ba ce."

"Ta mece ce?"

"Ta... ƙimar ɗan Adam."

"Tabɗi." Ta dubi rufin aji kamar mai neman shaida a can. "Malama, ni ke riƙe da katin kashe fitilar nan. Wani ɗin da yake jira ya zo ya raba su, ni ce. Dala goma sha shida ake ba ni a awa don in zama wani."

Na yi murmushi, irin wanda muke yi wa ɗalibi idan ya faɗi abin dariya amma ba ya cikin manhaja.

"Kin san sai da sha biyu ake shiga ajin adabi na shekarar ƙarshe," ta ce, muryarta ta sauka. "Da tara sai dai in tafi ɗaya ajin, inda ake koyon rubuta wasiƙar neman aiki. Ni kuwa ina da aiki. Adabin nake so. Can ne kaɗai ake ba mutum maki don ya yi musu."

Na ce mata na yi baƙin ciki, kuma gaskiya na faɗa. Na ce ranar Juma'a mawaƙin da kansa zai zo, ta saurare shi da kyau, za ta ƙaru. Ta ninke takardar gida huɗu, ta cusa a aljihu, ta fita.

Ranar Laraba da la'asar na shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Footscray don in shirya da Tasos. Na same shi a shagon burodin 'yan Vietnam da ke kusa da tasha, sanye da rigar sanyi mai huda a gwiwar hannu, ya riga ya sa an haɗa mana burodi biyu da kaza da barkono. Shekararsa talatin da biyu, amma da ya gan ni sai da ya miƙe tsaye ya cire cingam daga baki.

"Malama, na rantse aikin gidan yana nan, na manto shi ne a mota."

"Zauna, marar kunya. Ka yi ƙiba."

"Fasaha ce, Malama. Tana taruwa a ciki."

Na ba shi takardun da na raba wa yara, shafi shida, da zanen kibiyoyi daga kowane layi zuwa ma'anarsa. Ya karanta yana ci. A shafi na biyu ya daina tauna. A na huɗu ya ɗago.

"Malama, wannan waƙar wane ne?"

"Taka ce mana."

"Kai! Ashe na yi ƙoƙari."

"Me kake nufi?"

Ya goge baki, ya dubi hagu da dama kamar wanda zai faɗi inda ya ɓoye gawa.

"Lamba huɗu ce, Malama. Ta kusa da bokitin furanni."

"Wace lamba huɗu?"

"Na'urar biya-da-kanka. A kantin unguwarmu."

Ban san lokacin da na ajiye burodina ba.

Ya ce shekara uku ya yi yana amsa waya a wani kamfanin inshora. Mutum tamanin a rana, kowa da zaginsa, shi kuma dole ya ce musu ya gode da kira. Idan ya tashi ba ya son jin muryar ɗan Adam, ko ta uwarsa. Talata ce ranar cefanensa. Sai ya je wurin lamba huɗu, ita kuwa ba ruwanta da yadda ya wuni, ba ta son ya yi murmushi, abu ɗaya take nema, ya sa kaya a leda. Idan ta yi masa sharri ta kunna fitila, to ko faɗan nata mai tsabta ne, ba ta riƙe mutum a zuci. Ranar da aka gyara kantin aka kawo sababbi masu kyamara, sai da ya zauna a mota ya yi hawaye, da kwalin madara a cinya.

"To wayar fa?" na ce.

"Wace waya? Malama, ina son wayata. A cikinta ma na rubuta waƙar."

"Amma a kaset kaɗai kuka fitar da ita! Na gaya wa yara bore ne kuke yi wa zamani."

"Kowa kaset yake yi, shi ya sa. Ni ko rediyon kaset ba ni da shi. Ban taɓa jin kaset ɗin ba."

"Mujallu fa? Duk sun ce..."

"Na gani. Wani ma ya ce na hango rushewar al'umma. Zan je in ce masa a'a, madara na je saye?"

Na gaya masa halin da ake ciki: Mista Pembrey a bayan aji, mako biyar na kibiyoyi, da shekara uku na roƙo. Na kuma gaya masa labarin Seini, don ban iya ɓoye shi ba. Ya yi dariya har mai shagon ta leƙo.

"Yarinyar nan ta fi duk 'yan fasahar unguwar Brunswick kunne. Amma kada ki damu, Malama, asirinki a rufe yake. Mu ba ma fassara waƙa. Doka ce. Ranar da ka fassara waƙarka, ranar za a daina gaishe ka a wurin wasa. Sai in kalli takalmina in ce waƙa ta mai sauraro ce. Shekara goma ina yi, ban taɓa faɗuwa ba."

A jirgin komawa na fito da kwafin takardar Seini daga jakata. Mu malaman adabi muna da wata mafaka da muke gudu ciki duk lokacin da marubuci ya ƙaryata mu: sai mu ce da ya gama rubutu ya gama nasa, abin da ke kan takarda shi ne shaida, ba abin da ya ce yana nufi ba. Na shiga mafakar na zauna daga Footscray har tashar Tottenham. Sai na ce to, bari in bi abin da ke kan takardar. Na ajiye layukan Tasos a cinya ɗaya, na Seini a ɗaya. Kowane layi ya shiga fassararta kamar ƙafa a silifa. Tawa kuwa sai da na riƙa turawa ina dannawa, wayar da ke auna kaya, wayar da ake zuwa wurinta ranar Talata kawai. Layi biyun ƙarshe ma, inda yake kewar yadda take gode masa, ashe tsallake su na yi a darasi, ban ja musu kibiya ko ɗaya ba. Ita kuwa ta ba su rabin shafi.

Ranar Alhamis na ɗauko takardar canza maki daga ofis. Na rubuta sunan Seini. Da na zo wurin dalili sai na rufe biro, na sa takardar a aljihun tebur. Duk dalilin da zan rubuta, abu ɗaya yake cewa: malamar da ta nace a kawo wannan waƙa ba ta gane ta ba, kuma shugaban sashe ya sa hannu a kan kuskurenta.

Juma'a, darasi na ƙarshe, ƙarfe biyu da kwata. Mista Pembrey ya zauna a baya a kan kujerar ɗalibai, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, da ƙaramin littafi a hannu. Tasos ya zauna a gefen teburina ya rera waƙar da jita ɗaya, idonsa a ƙasa. Ba tare da ƙarar nan ba sai ta fito da daɗi, har ajin ya yi tsit. Daga nan aka shiga tambayoyi.

Wani yaro mai suna Deng ya ce, "Malam, kai ma ka taɓa kamuwa da ciwon waya?"

Tasos ya kalli takalminsa. "Dukkanmu... muna gaban wani abu."

Biro ashirin da huɗu suka duƙufa.

Wata ta ce, "Me ya sa Talata?"

"Me ya sa ba Talata ba?"

Suka rubuta wannan ma. Ya iya aikinsa, ba ƙarya. Kowace tambaya sai ya yi shiru na daƙiƙa biyar, ya shafa gemu, ya saki kalma huɗu da ba ta nufin komai. Can sai na ga abin da ban taɓa zato ba, Mista Pembrey ya ɗaga hannu.

"Na saurari kaset ɗinka jiya a mota," ya ce, yana gyara murya. "Motata tana da wurin sa kaset. Ba zan ce na ji daɗin hayaniyar ba. Amma jar fitilar nan ta tsaya mini a rai. Ni na ɗauke ta idon hukuma ne, wanda ke tuhumar mutum da laifin da bai yi ba. Ko na yi nisa?"

"E to," in ji Tasos, yana magana da igiyar takalminsa, "akwai wannan ma."

Mista Pembrey ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu, ya dube ni ta saman tabarau. Na san wannan kallon, ko da yake ban taɓa samunsa ba. An bar mini darasina ke nan, bana da baɗi.

Saura minti goma sha biyu a kaɗa ƙararrawa. Na dubi bakin ƙofa. Seini ba ta ɗaga hannu ba ko sau ɗaya. Yarinyar da ke musu da ni a kan ranar wata, yau ta sunkuya tana kwafe abin da kowa ke kwafewa. Na matsa kusa kamar mai duba taga. A littafinta ta rubuta, da rubutu mai kyau: jar fitila, idon hukuma.

Na koma gaban allo.

"Tasos," na ce, "bar takalmin nan haka. Gaya musu ko wace ce."

Ya zaro ido. "Malama, doka..."

"Na koyar da kai shekara biyu ba ka bi doka ko ɗaya ba. Faɗi."

Ya dubi ƙofa, ya dubi Mista Pembrey, ya sauke numfashi. "Na'urar biya-da-kanka ce. Lamba huɗu."

Sai Deng ya ce, "Ta kanti?" Ajin ya fashe. Wani ya faɗo daga kujera. Wata ta ɗaga littafinta tana cewa, "Malama, shafi goma sha huɗu na rubuta a kan kaɗaici!"

Seini ta miƙe a hankali. Ba ni ta kalla ba, Tasos ta kalla.

"Tsofaffin nan masu toka-toka? Masu sikeli a gefen dama?"

"Su fa!"

"Ai waɗannan mahaukata ne. Ko leda ka hura musu sai su ce ka yi sata."

"Kada ki zage ta. Tsufa ne."

"Kai ne irin masu zuwa su danna fiya a matsayin albasa don su biya araha, ko?"

Tasos ya dafe ƙirji. "Ni? Shekara uku ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ko inabi ɗaya."

"To kai kaɗai ne a duk yammacin garin nan."

Na buga tebur sau biyu har aka yi shiru. Na ce wa ajin mako uku da suka wuce mutum ɗaya a cikinsu ta rubuta wannan duka, daga layukan waƙar kawai, ba tare da kowa ya gaya mata ba, ni kuma na ba ta tara. Na ce ba don Tasos ya faɗa ne ta yi daidai ba, don ta karanta abin da ke gabanta ne, ni kuwa na karanta abin da na saba ji. Na miƙa mata kwafin takardarta na ce ta karanta mana. Ta karanta, a tsaye, da ƙarfi, tana tsayawa bayan kowace jimla ta dube ni, don kada wata ta wuce ni. Ƙararrawa ta kaɗa tana tsakiyar shafi na biyu, ba wanda ya motsa sai da ta kai aya.

Mista Pembrey ya riga kowa fita. Na ɗauko takardar daga aljihun tebur, na cike wurin dalili da jimla ɗaya, na bi shi. Na cim masa a gaban ofishinsa, ƙarfe uku da minti ashirin.

"Idon hukuma," ya ce, bai juyo ba. "A gaban yara ashirin da biyar. Kin sani tun yaushe?"

"Tun Laraba."

"Kika bar ni na ɗaga hannu."

"Ban san za ka ɗaga ba, Gordon. Ban taɓa ganin ka ɗaga ba."

Ya karɓi takardar, ya karanta dalilin, ya sake karantawa. "Sha biyar kika sa. Sha uku ya isa."

"Ta yi bayanin layi biyun ƙarshe. Ni da kai ba mu yi ba."

Ya jingina takardar da bango ya sa hannu, har biron ya kusa huda ta. "Baɗi babu rok, Glenys. Babu kaset, babu masu kallon takalmi. Mawaƙan da suka mutu nake so, waɗanda ba za su shigo aji su ba da labarin cefane ba."

Na ce na ji. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu ma yana yi, don ina son waƙoƙin nan, kuma akwai wata a kan injin wanki da na riga na fara ja wa kibiyoyi.

Na tarar da Seini a bakin get, tana riƙe wa Tasos jakar jita shi kuma yana neman katin jirginsa a aljihu. Na nuna mata takardar.

"Sha biyar?" ta ce. "Malama, ni kaɗai na ci fa. Ina sauran biyar?"

"Ba ki rubuta kammalawa ba. Kuma sau goma sha ɗaya kika kira mawaƙin 'mutumin nan'."

"To ai shi ne. Dube shi."

"Ina jinki fa," in ji Tasos.

Ta karɓi takardar ta duba sa hannun da kyau, kamar kuɗin da take zargin jabu ne. Sannan ta ce, "Wa zai koyar da ajin adabin baɗi? Ke ce?"

"A'a. Mista Pembrey ne."

Murmushi ya fara daga gefen bakinta ya bazu a hankali.

"Shekara guda cur?"

"Awa biyar a mako."

"Malama," ta ce, tana miƙa wa Tasos jitarsa, "ki gaya masa ya huta sosai a hutun nan."